Tsatsa a Motar Alhaji Bawa

Gwaggo Saratu ba ta bari Rahinatu ta ƙare kokonta ba ta ɗauko maganar jiya, wadda kuma ita ce ta shekaranjiya.

Ta ce mutanen Zahradeen sun sake aiko da goro da gaisuwa, ita kuwa bakinta ya gaji da murmushin da babu amsa bayansa. Ta ce sa'o'in Rahinatu duk suna ɗakunan mazansu, wasu har ɗiyansu sun shiga lakwal, makarantar boko. Ta ce mutum ne mai haƙuri Zahradeen, amma ba dutse ba ne.

Rahinatu dai tana juya ludayi cikin kwano. Ta ji maganar nan har ta iya faɗinta da ka.

"Yau kam za a yi ta ta ƙare," in ji Gwaggo. "Zahradeen ya ce zai ɗora motar bayan kamyo ya kai ta Dosso, can akwai garajin da ke gasa fenti cikin ɗaki. Babanki zai je ya ga motar da idonsa bayan la'asar."

Ludayin ya tsaya a hannun Rahinatu.

Motar da ake magana tsohuwar Fijo ce, irin wadda tsofaffi ke kira kat-san-kat. Da ita Alhaji Bawa, mahaifin Rahinatu, ya fara jigila tsakanin Gaya da Dosso tun bai mallaki manyan motoci ba. Cikinta aka ɗauko Hafsatu daga Tanda aka kawo masa, wadda ta haifa masa ɗiya mata, ta rasu ta bar Rahinatu tana ƙarama. Duk ɗiyar da Alhaji ya aurar, cikin wannan mota aka kai ta gidan miji. Rahinatu ce auta. Kafin a zo kanta motar ta gaji, ta zauna gindin mangwaro shekara da shekaru, kaji na saka ƙwai a kujerar baya.

Alhaji kuwa ya ce autarsa ba ta fita gidansa cikin motar kowa sai wannan.

Mutum biyu suka nemi Rahinatu. Zahradeen mai fiton kaya ne, yana da ofis kusa da gada, ba wanda ya taɓa jin abin kunyarsa. Yunus mai fentin mota ne, kuma shi take so. Da Yunus ya turo kawunsa, Alhaji ya tarbe shi da mutunci, ya ba shi shayi, ya ce a'a. Dalilinsa guda ne. Sama'ila, maigidan da ya koya wa Yunus aiki, aminin Alhaji ne tun ƙuruciya, kuma ciwon ƙirji ya ɗauke shi yana da sauran ƙarfinsa. Alhaji ya ce hayaƙin fenti ne ya ci Sama'ila, shi kuma ba ya ba da ɗiyarsa ga wanda ke shaƙar abin nan safe da yamma.

Duk da haka Yunus ɗin Alhaji ya ba gyaran motar. Ya ce Sama'ila ne ya taɓa yi mata fenti, duk Gaya ba mai hannun Sama'ila sai yaronsa. Aiki daban, surukuta daban.

Bai tilasta wa Rahinatu ba. Ya dai ce ranar da mota ta fito garaji, ranar zai ba mutanen Zahradeen amsa, in tana da aibin da ta sani game da shi ta kawo. Ba ta da shi. Ba ta kuma iya duban idon tsohon da ya rene ta ba uwa ta ce masa ba ta yi.

Sai ta je ta roƙi Yunus kada ya gama motar.

Dabara ce irin ta masu soyayya, waɗanda ke ganin in an ture gobe gefe to an rabu da ita. Ta ce ya ja aikin kaɗan, ko Allah ya sa zuciyar Baba ta yi laushi, ko Zahradeen ya gaji ya nemi wata. Yunus ya ce bai taɓa yi wa mai mota ƙarya ba. Ta yi kuka. Ya yarda.

Ƙarshen daminar bara ke nan. Ga shi wata daminar ta yi nisa, Baba bai yi laushi ba, Zahradeen bai gaji ba.

Ranar nan Rahinatu ta buɗe shagonta na atamfa, amma ba ta san abin da ta sayar ba. Da ta yi azahar ta rufe, ta sayi nono wajen Bafillatanar da ke zama bakin kasuwa, ta hau kabu-kabu. An yi ruwa da safe, hanya duk caɓi.

Garajin Yunus rumfar kwano ce ta wajen hanyar kogi, gefe biyu buɗe. In iska ta taso daga ruwa, laimarta har cikin riga mutum ke jinta. Da can sai ka rasa inda za ka taka don motocin taksi masu jiran fenti. Yau mota guda ce a ciki.

Tana tsaye bisa itatuwa, ba taya, ba gilashi, ba fitila, jikinta duk ruwan toka.

Farkon aikin Yunus bai yi ha'inci ba. Ya kankare tsohon fentin har ƙarfe ya fito fari. Inda tsatsa ta huda, mai walda ya yanke ya sa sabo. Suka kwantar da ita gefe bisa tsoffin tayoyi, Yunus ya bi cikinta da baƙin shafe mai kamar kwalta, wanda ke hana ruwan hanya cin ƙarfe, kowane lungu da buroshi, har inda ido ba ya kaiwa. Ya cike lotsattsun wurare da mastik ya goge. Sannan ya fesa apire, shafen farko mai ruwan toka wanda fenti ke kamawa a kansa.

Daga nan saura launi kawai. Nan ya tsaya.

In Alhaji ya aiko, sai ya ce ya ga wani rami a ƙofa, ya goge, ya sake fesawa. Wata rana ya ce wuta ce ba ta zama. Wata rana ya ce shuɗin da ake so ba a samu ba sai an ƙetara gada zuwa Malanbil. Da damina ta sauka ya ce laima ba ta bari fenti ya kwanta.

Rahinatu ta same shi zaune bisa wata tsohuwar kujerar mota, ƙyallen da yake ɗaurewa a hanci yana rataye a wuyansa. Ya rame. Ya yi mata sannu da zuwa, ya karɓi kwanon nonon da hannu biyu. Masu fenti sun ɗauka nono na wanke ƙirji bayan fesawa, ita ma ta ɗauka, shi ya sa ba ta zuwa hannu sake.

Ta gaya masa abin da Gwaggo ta ce. Bai yi mamaki ba, ya ce labarin ya riga ta isowa. Ya ajiye kwanon, ya ce ta zo ta ga wani abu.

Ya kai ta ƙofar baya ta hagu, ya nuna ƙasa. Ta sunkuya. Cikin tokar akwai ɗigo-ɗigo ja-ja, kamar ƙurajen zafi a wuyan jariri. Ya nuna mata bakin kapo, murfin inji, ya nuna mata ƙasan inda gilashin baya ke zama. Ko'ina suna nan.

Ya ce apire kamar tukunyar ƙasa yake, yana shan ruwa. Ba a yi shi don ya zauna tsirara ba, fenti ne rigarsa. Laimar kogi ta bi ta cikinsa ta isa ƙarfe. Yana gogewa yana rufewa, tana sake fitowa, yanzu ta fi ƙarfin rufewa.

"Tun yaushe ka gani?"

"Tun ruwan farko."

"Ba ka faɗa mini ba."

"In na faɗa miki, mi za ki ce? In fenta ta?"

Ta dafa ƙofar. Wannan ce ƙofar da yayyenta suka shiga ɗaya bayan ɗaya suna kuka cikin lulluɓi. Gwaggo ta ce ta nan uwarta ma ta fito ranar da aka kawo ta, ƙafarta ta harɗe da zane har ta kusa faɗuwa, aka yi ta dariya. Rahinatu ba ta riƙe fuskar uwarta ba. Wannan labarin ta riƙe, da wannan ƙofar.

Hawaye suka zubo mata ba ta share ba.

"Na gaji, Yunus."

"Da ni?"

"Da ƙarya. Kullum in zauna gaban Baba yana cin tuwo yana cewa yaron Sama'ila ba ya aikin gaggawa, a bar shi. Yabonka yake, ni ina kallon tabarma."

Yunus ya juya zai yi magana, tari ya sarƙe shi. Ya dafa motar ya yi ta yi, busasshen tari mai fitowa daga can ƙasa. Ta tsaya tana jira ya lafa. Bara ba haka yake ba. Bara sai ya yi fesawa mai yawa yake ɗan gyaran murya. Kowace gogewar ƙarya da ta sa shi, ƙurar cikin ƙirjinsa ta tafi. Kowace fesawar da ba a bukata, shi ya shaƙe ta. Abin da Baba ke tsoro, ita ce ta yi ta ƙara masa da hannunta.

Da ya samu numfashi ya ce kada ta damu, sanyin damina ne. Ya ce in Alhaji ya zo ta bar shi da shi, zai ce laima ce da rashin wuta, kamar kullum. Ya ce ta tafi kafin su iso.

Ta tambaye shi ina motocin taksin da ke cika wurin nan. Ya ce kasuwa ce ta yi sanyi. Ta ce ƙarya yake, ta ji direbobi a tasha suna cewa hannun Yunus ya mutu, mota guda ta gagare shi.

"Su faɗa," in ji shi. "Muddin tana cikin rumfar nan, ke ma kina gidanku. Ni abin da na sani ke nan."

"To sai yaushe? Sai ta ruɓe ta zube? Sai kai ka zube?"

"Ban sani ba, Rahinatu. Wallahi ban sani ba. Ke kika ce in ja, na ja. Ban da wata dabara."

Ta zauna bisa kujerar da ya tashi, ta rufe fuska da mayafi. Shi kuma ya tsuguna nesa kaɗan, hannuwansa masu farin ƙura bisa gwiwa. Ba wanda ya lallashi wani. Sun yi kukan nan sau da yawa, har sun san ba ya kai su ko'ina.

Aka kira la'asar. Ya tafi masallacin bakin hanya, ita ta yi tata bisa kwali a lungun rumfar. Ya dawo ya tarar ba ta tafi ba. Ya roƙe ta. Ta girgiza kai.

Ba a jima ba motar Zahradeen ta tsaya a ƙofar garaji. Ya zagayo ya buɗe wa Alhaji.

Alhaji Bawa ya shigo yana dogara sanda. Ya ga ɗiyarsa, ya ga kwanon nono. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Zahradeen ya ba Yunus hannu, ya gaida Rahinatu da ladabi, ya koma gefe ya tsaya.

Tsohon ya zagaya motar a hankali. Sai ya ba Zahradeen sandarsa, ya tattare babbar riga, ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashi. Ya miƙa hannu ya shafa baƙin shafen, ya bi lungu-lungu da yatsa. Ya daɗe a nan. Da aka tallafa masa ya miƙe, ya je ƙofar baya, ya goga babban yatsansa a kan tokar, ya dubi jan da ya fito.

"Yunusa."

"Na'am, Alhaji."

"Hannun da ya yi ƙarƙashin nan bai rasa sanin abin da damina ke yi wa apire ba. Ruwa ne ya hana ka, ko kai ne?"

Yunus ya sunkuyar da kai. Ƙaryar da ya shirya ba ta fito ba.

"Laifina ne, Alhaji."

"Ban tambayi mai laifi ba. Dalili nake tambaya."

"Ni ce, Baba," in ji Rahinatu daga inda take durƙushe. "Ni na roƙe shi kada ya gama. Bai so ba. Na kasa ce maka ba na son auren, sai na ɓuya bayan mota."

Ruwa na ɗiga daga kwanon rufin rumfar.

Zahradeen ne ya fara motsawa. Ya miƙa wa Alhaji sandarsa. Fuskarsa ba fushi, sai dai ta faɗa, kamar ta wanda ya yi doguwar tafiya ya tarar da ƙofa a rufe.

"Da kin faɗa mini da bakinki, Rahinatu, da na sha zafinsa tun bara na warke." Ya juya ga tsohon. "Baba, ka yi mini gafara. Ba na so a kawo mini mace cikin motar da ta gwammace ta ruɓe da ta iso gidana."

Ya ce zai mai da Alhaji gida. Alhaji ya ce ya tafi abinsa, Allah ya yi masa albarka, ƙafarsa za ta kai shi. Suka ji tashin motar har ƙararta ta ɓace.

Alhaji ya jima yana kallon yatsansa.

"Motar da ta kawo uwarki," ya ce, ba tare da ya dube ta ba.

Ta fashe da kuka, ta ce ya yafe mata. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce ta yi shiru, kuka ba ya cire tsatsa. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai ba motar ba ce, a'a, yana zaune yana yabon mutum ana yi masa kallon tsohon da ba ya gani.

Nan tarin ya sake kama Yunus. Ya yi ƙoƙarin danne shi, ya ƙi dannuwa. Alhaji ya tsaya yana saurare har ya ƙare, kamar yadda direba ke sauraren inji.

"Ka ji ko?" in ji shi. "Ni na tallabi Sama'ila zuwa likita. Haka ya fara. Ni na wanke shi, ni na ga matarsa da ƙananan yara tsakar gida. Ban ƙi ka don talauci ba, ban ƙi ka don hali ba. Ba na aurar da autata don ta dawo mini cikin takaba."

Yunus bai ɗago ba.

"Ka kankare ta har ƙarfe, ka sake daga farko. Kai ka ɓata, kai za ka gyara, ba mai kai ta Dosso. Ka ba ta shuɗinta. Ranar da ta fito, in ka rataye pistolenka na fesa fenti ba ka ƙara ɗauka, ina da motoci masu neman mai kula da su, ka turo magabatanka. In ba ka iya rabuwa da shi, ka kawo mini makullina mu gaisa da mutunci, kowa ya kama hanyarsa."

"Alhaji, ban san wani aiki ba. Tun ina yaro shi nake yi."

"Na sani. Ni ma ban da wata ɗiya da ta rage."

Ya juya ya nufi ƙofa. Ya ce wa Rahinatu ta ɗauko kwanonta ta same shi bakin hanya.

Suka rage su biyu. Rahinatu ta share fuska. Abin da ta yi shekara tana roƙon Allah ya ba ta, ga shi an ajiye mata, amma ta rasa ƙarfin yin murna. Ta dubi Yunus, ta ga ba ita yake kallo ba. Pistolen fesawa yake kallo, yana rataye a ƙusa jikin ginshiƙi, mariƙinsa ya suɗe don riƙo. Na Sama'ila ne. Ta taɓa ganin fuskar Yunus ranar da ya fitar da wata mota rana ta haska fentinta, mutane suka taru suna ganin kansu a jikin ƙofa. Ba ta taɓa ganin wannan fuskar a wani wuri ba, ko a gabanta.

"Mi ka ce?" ta tambaye shi.

"Mi kike so in ce?"

"Ba na ƙara sa ka komai, Yunus. Na sa ka sau ɗaya, ga abin da ya haifar."

Ya gyaɗa kai. Ya ja ƙyallen ya rufe hanci, ya jawo bokitin ruwa, ya tsoma takardar yashi, ya tsuguna gaban ƙofar baya.

A nan ta gane abin da Baba ya yi. Jiya, in Yunus ya yi jinkiri, don ita ya yi. Daga yau in ya yi jinkiri, don pistolen ne. Ba sai ya buɗe baki ba, motar za ta faɗa mata.

Ta ɗauki kwanon ta tsaya tana kallon hannunsa, ko za ta gane sauri yake ko jinkiri. Hannun na zuwa yana dawowa, ruwan toka na gangarowa ƙasa, ƙarfe ya fara leƙowa.

Daga bakin hanya Alhaji ya kira sunanta.

Ta ƙara kallo ɗaya, ta fita ba ta gane ba.